Labarin Bagega sai ya je Landan ya dawo: wa ke riƙe da makirufo a yammacin Zamfara?

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a ƙauyukan da ke cikin dajin Anka da Bukkuyum, mutane sun ga agwaginsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa abin zai haura kan ɗan'adam. Sai yara suka biyo baya. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya daina wasa, daga nan sai taune-taune, sai suma, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ɗora wa zazzaɓin cizon sauro. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka samu labari. Sun ba da maganin zazzaɓi da na sanƙarau, ba wanda ya yi aiki. Sai da aka aika jinin yaran Turai aka gano gubar dalma ce.

Yadda gubar ta shiga gidaje ba wani abu ne ɓoyayye ba. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, manoma suka koma rami. A haƙo dutse, a ɗura a buhu, a ɗauro a bayan babur har cikin gari. A farfasa shi da guduma, a zuba a injin niƙa irin wanda ake niƙa dawa da shi, a wanke garin, a sa zaiba ta kama zinaren, sauran a shanya a tsakar gida. Mata na cikin kulle, don haka aikin ya same su har ɗaka, suna samun ɗan abin hannu. Dutsen da aka ci karo da shi a wannan karo kuwa cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a kan tabarma, da kwanon abinci, da ƙasar da yaro mai rarrafe ke dangwala ya kai baki. Da masana na cibiyar CDC ta Amurka suka ƙidaya a ƙauyuka biyu a watan Mayu, suka tarar yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A watan Yuni ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito ta ce mutum 163 sun mutu, 111 daga cikinsu yara. Ba a daɗe ba adadin yaran ya kai wajen 400.

An yi rubutu da yawa kan wannan masifa ta fuskar lafiya da ta talauci. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Dareta tana ƙaramar hukumar Anka, 'Yar Galma tana Bukkuyum, maƙwabtan juna. Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, duk jiƙo ɗaya suke sha. Watanni aka yi kowane gari yana binne 'ya'yansa, kuma babu wata kafa ta kusa da ta tattara labarin ta ce wa iyaye mata: abin da ke faruwa a gidanki yana faruwa a wasu garuruwa shida, ga kuma abin da ya haɗa ku. Wannan aikin ɗan jarida ne, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Da an yi shi, da ko ba a san sunan gubar ba, an san cewa inda injin niƙan dutse yake, nan kaburburan yara suka fi yawa.

Abin da Bagega ta nuna

Ƙauyuka bakwai aka fara tsabtacewa tsakanin tsakiyar 2010 da farkon 2011, da ƙwarewar kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith na Amurka, da kuɗin Majalisar Ɗinkin Duniya da na wasu masu ba da agaji. Aikin na hannu ne: a kankare saman ƙasar tsakar gida da shebur, a kwashe a binne a rami mai nisa, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Dole sai an yi haka kafin MSF ta ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin in ya koma gidan da ke da guba, an yi aikin banza.

Bagega, wadda ta fi su girma kuma nan ne cibiyar sarrafa dutsen, ita aka bari. Yara wajen 1,500 suna jira. A watan Fabrairu na 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto da hotunan bidiyo kan halin da suke ciki. A watan Mayu aka yi babban taro a Abuja, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, ministocin da aka sa ran gani ba su halarta ba, kuɗin kuma suka maƙale. Damina ta zo ta wuce.

A nan ne wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka ɗauki hanya daga Abuja zuwa Bagega, suka ɗauko hotuna da muryoyin mutane, suka kafa abin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Suka cika Twitter da Facebook da kiran a ceci Bagega, MSF da Human Rights Watch suna ƙara wa wutar itace, kafofin waje suna ɗauka. Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya sa baki. A ƙarshen watan Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarnin a saki kuɗin, aka shiga aikin kankare Bagega, yara suka fara karɓar magani a cikin shekarar.

Duk mai son ganin amfanin haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa a harkar watsa labarai, ga shi nan a fili. Matasan gida da wayar hannu, ƙungiyoyin waje da ke da sunan da ake jin nauyinsa, 'yan jarida a Legas da Landan da Washington, suka taru suka motsa gwamnatin da ta yi watanni tana jan ƙafa. Yara sun rayu saboda haka, kuma ba zan taɓa raina wannan ba. Ƙungiyar da ta fito daga wannan yunƙuri, Connected Development, ta samu tallafin gidauniyoyin waje ta bazu zuwa wasu jihohi da ƙasashe, kuma da irin wannan guba ta ɓulla a Shikira ta Jihar Neja a 2015, ta sake yin irin wannan kira.

Sai dai a duba alƙiblar da labarin ya fuskanta. Daga Bagega ya fita, ya nufi fadar shugaban ƙasa da ofisoshin masu ba da agaji, cikin Turanci, a dandalin da uwar yaron da ake magana a kansa ba ta taɓa gani ba. An gina hanyar fitar da kuka waje, kuma ta yi aiki. Hanyar da za ta kai magana daga Bagega zuwa Dareta, daga Anka zuwa Nasarawar Burkullu, daga Gummi zuwa ƙauyukan fadamarta, ita ce har yau ba a gina ba.

Ma'aikatan lafiya sun ɗanɗana wannan rashi. Da farko saƙon da ya fi ƙarfi daga hukuma shi ne a daina haƙa, kuma mutumin da ya ga zinare ya ba shi a mako abin da gona ba ta ba shi a wata ba zai daina don an yi shela ba. Abin da ya biyo baya shi ne ɓoye-ɓoye: wasu suka riƙa ɓoye mutuwar yaransu don gudun kada a rufe ramin. Sai da aka koma zaman tabarma da dagatai da masu unguwanni da limamai, aka ɗauki mata suna shiga gida-gida inda namiji baƙo ba ya shiga, aka sauya magana daga "ku bari" zuwa "ku fitar da niƙan bayan gari, ku jiƙa dutse kafin ku niƙa, ku yi wanka ku sauya tufa kafin ku ɗauki yaro", sannan aka fara jin juna. Wannan darasi ne na sadarwa tsantsa, kuma likitoci ne suka koye shi da wahala, ƙafa da ƙafa, saboda babu tashar da za ta ɗauke musu rabin nauyin. MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a farkon 2022, bayan sama da shekara 11. Haƙar zinare ba ta tsaya ba, duk da haramcin da gwamnatin tarayya ta sa a watan Afrilu na 2019, kuma kowace shekara akwai sabbin amare da ba su taɓa jin wancan gargaɗi ba.

Kunnen da ya saba da nesa

Bahaushe da rediyo tsohuwar zuma ce. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya zo a 1962, Muryar Jamus da Rediyon Sin suka shigo a shekarun 1960, Muryar Amurka a 1979, RFI ta Faransa a 2007. A teburin mai shayi a Anka ko Gummi, da an idar da sallar isha'i, za ka ga an jingina ƙaramar rediyo da gwangwanin madara, an zaro eriya har ƙarshe, wani yana murɗa ta a hankali yana neman inda shuuu ɗin gajeren zango zai lafa. Ƙarfe takwas da rabi na yi, lokacin labarai, hira ta tsaya. Manomin da bai taɓa zama a aji ba zai yi maka bayanin rikicin Gabas ta Tsakiya har ka riƙe baki.

Waɗannan tashoshi sun yi wa Arewa abin da ba a iya biya. Sun horar da zuriya bayan zuriya ta 'yan jarida, sun daidaita Hausar labarai, sun ba talaka wurin da zai ji abin da gidan rediyon gwamnati ba zai faɗa ba. Amma suna magana ne da Hausawan duniya gaba ɗaya, daga Agadas zuwa Kumasi zuwa Sudan. A shirin rabin awa, Bukkuyum ba za ta samu minti biyu ba sai an kashe mutane da yawa. Farashin taki a kasuwar Gummi, ranar da za a zo rigakafi, gadar da ruwa ya cinye, hanyar da ba ta biyuwa yau, ba su da gurbi a can, kuma ba laifin kowa ba ne. Tashoshin da ke cikin jihar kuwa kusan duk a Gusau suke, zangon FM ba ya cin dogon zango, kuma wakili ba ya zuwa inda ba a ba shi kuɗin mota ba, balle inda hanya ke hannun 'yan bindiga.

Abin da ya faru a farkon watan Janairu na 2022 ya isa misali. 'Yan bindiga suka afka wa jerin ƙauyuka a Anka da Bukkuyum tsawon kwanaki. Mazauna yankin suka shaida wa kamfanonin dillancin labarai na waje cewa wajen mutum 200 aka kashe. Gwamnatin jiha ta ce 58. Tsakanin lambobin nan biyu akwai mutane sama da 140, kowanne da suna da gida da masu kuka, kuma babu wata kafa mai zaman kanta a yankin da za ta bi gari-gari ta rubuta sunayen. Abin da ya rage wa jama'a shi ne WhatsApp, da saƙon murya da ake turawa daga waya zuwa waya, da bidiyon da mai cajin waya ke loda wa mutane a memori. A can gaskiya da ƙarya tafiya ɗaya suke yi. Hoton wani rikici na wata ƙasa zai dawo a matsayin na jiya a Zamfara, kuma a yankin da zargi tsakanin Hausawa da Fulani ya riga ya yi tsami, irin wannan hoto yana iya jawo a kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai wani ɗan yankin da ya nuna abin da zai yiwu in an haɗa sanin gida da kayan aikin waje. Yusuf Anka, matashi mai karatun lauya, ya yi shekaru yana shiga wuraren da baƙo ba zai iya shiga ba, yana magana da waɗanda aka kora daga gidajensu, da 'yan sa-kai, da su kansu shugabannin 'yan bindiga. Sashen BBC Africa Eye ya fitar da aikin a watan Yuli na 2022 da sunan The Bandit Warlords of Zamfara. An yi ta muhawara a kansa, kuma muhawarar tana da tushe: shin ba wa mai kisa makirufo bayani ne ko talla? Ni ina ganin wanda ya kalli shirin ya fi fahimtar yadda wutar ta kama fiye da wanda ya dogara da sanarwar hukuma. Gwamnatin tarayya ba ta ga haka ba. A watan Agusta hukumar NBC mai kula da kafofin watsa shirye-shirye ta ci tarar naira miliyan 5 kan kowanne daga cikin kamfanonin da suka nuna shirin, haka ma Trust TV saboda nata shirin kan 'yan bindiga. BBC tana Landan, hannu bai kai gare ta ba, na gida ne suka sha. Sai a 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta soke tarar, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar.

Lokacin da aka kashe sabis

A ranar 3 ga Satumba 2021, kwana biyu bayan sace ɗalibai a Maradun, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Hujjar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto da masu biyan kuɗin fansa. An haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da zama a duhu har wajen ƙarshen Nuwamba.

Mutanen da suka goyi bayan matakin ba mugaye ba ne, sun gaji ne. Amma a tambayi wanda ya zauna a cikinsa. Mai POS ya rufe shago. Ɗan da ke ci-rani a Legas ba shi da hanyar aiko wa mahaifiyarsa kuɗi ko jin lafiyarta. Mutane suka riƙa shiga mota suna ƙetara iyakar jiha don kawai su buga waya, wasu suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi. Mafi muni, ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da yadda zai kira taimako, kuma labarinsa ba ya fita sai wanda ya tsira ya taka da ƙafa. A waɗannan makonni, akwatin rediyo mai batir ne kaɗai abin da ya rage yana magana a yammacin Zamfara. Da akwai tasha a Anka ko Gummi, da ita ce za ta zama asibiti da kasuwa da ofishin cigiya a lokaci guda.

Shekara guda bayan haka, a tsakiyar Oktoba 2022, gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafofi a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM na gwamnatin tarayya da Gamji da Al'umma TV, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. NBC da ƙungiyoyin 'yan jarida suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi, gwamnatin ta janye. A ƙarshen wannan watan ne Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya na UNESCO kan ilimin amfani da kafofin watsa labarai. Ana iya horar da ɗan jarida har ya ƙware, amma in tashar da yake aiki za a iya garƙame ta da umarnin baki, horon bai kare shi daga komai ba.

Abin da maƙwabta suka yi

Wannan magana ba sabuwa ba ce a duniya. A 1980 kwamitin da UNESCO ta kafa ƙarƙashin Sean MacBride, ɗan ƙasar Ireland, ya fitar da rahoton da ya nuna cewa labarai suna kwarara ne daga ƙasashe masu arziki zuwa matalauta, kuma a cikin kowace ƙasa daga birni zuwa ƙauye, ba sa komawa. A shekarar ce aka kafa shirin IPDC don taimaka wa ƙasashe masu tasowa su gina kafofinsu. A 1991 'yan jaridar Afirka suka fitar da Sanarwar Windhoek a Namibiya, wadda ta haifar da ranar 'yancin 'yan jarida ta 3 ga Mayu. Bayan duk wannan, abin da ake ware wa kafofin watsa labarai bai kai kashi 1 cikin 100 na tallafin raya ƙasashe ba, kuma mafi yawansa yana ƙarewa ne a hannun ƙungiyoyin da ke tsakiya, ba ya isa ɗakin watsa shiri.

Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta kai Najeriya arziki ba ko kusa, ta ɗauki wata hanya. Tun 1999 aka kafa rediyon karkara mai aiki da hasken rana a Bankilare da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, daga nan abin ya yaɗu har tashoshin al'umma suka haura 100. Ɗaki ɗaya ko biyu, faifan sola, ƙaramar na'urar watsawa, kwamitin gari da ke kula da ita. Ana sanar da ɗaurin aure da rasuwa, ana cigiyar raƙumi, ungozoma na magana da mata, malamin gona na amsa tambaya. A 2016 gidauniyar Hirondelle ta Suwizalan ta buɗe Studio Kalangou a Yamai, inda 'yan jaridar Nijar ke haɗa labarai da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Faransanci, tashoshin karkara suna ɗauka suna watsawa. Ba aljanna ba ce. Da yawa daga tashoshin suna mutuwa in batir ya lalace ko mai tallafi ya tafi, ma'aikata 'yan sa-kai ne, kuma tun juyin mulkin 2023 sarari ya ƙuntata, an dakatar da RFI, daga baya BBC ma ta sha dakatarwa. Duk da haka, da aka toshe muryoyin waje, ƙauyen Nijar bai kurmance gaba ɗaya ba, domin yana da tasa.

A Najeriya kuwa, masu fafitikar rediyon al'umma, da cibiyar Institute for Media and Society a gaba da goyon bayan ƙungiyoyin Panos da AMARC, sun fara bugun ƙofa tun 2003. Sai a 2015 aka amince da lasisi 17 na farko, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774. Tsarin mulki ya sa amincewa da lasisin watsa shiri a hannun shugaban ƙasa, kuma tsoron da aka daɗe ana fakewa da shi shi ne kada rediyon gari ya zama makamin rikici. Tsoron ba na banza ba ne, kowa ya san abin da rediyo ya yi a Ruwanda a 1994. Amma a Zamfara rashin tashar bai hana rikici ba, ya bar fili ne ga saƙon murya marar mai shi. A Arewa maso Gabas an gwada akasin haka: tashoshin Dandal Kura da Rediyo Ndarason, da tallafin waje, sun yi magana cikin Kanuri da Hausa da mutanen da Boko Haram ta tarwatsa, a tsakiyar yaƙi.

Ba a ce ba a yi komai a Arewa maso Yamma ba. BBC Media Action ta shirya shirye-shiryen Hausa kan lafiya da shugabanci tare da tashoshin gida. Arewa24 ta fara a 2014 da kuɗin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hannun Equal Access, ta tsaya da ƙafarta ta zama kasuwanci. Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa binciken ƙwaƙwaf, HumAngle ta Ahmad Salkida tana bin rikicin yankin tun 2020, Dubawa na tantance labaran ƙarya. Amma siffar tallafin da aka fi gani ita ce bita: kwana uku a otal a Abuja ko Kaduna ko Kano, jaka da takardar shaida da kuɗin mota. Wakili ya dawo Gusau da sabon ilimi, ya tarar albashinsa bai fito ba, janareta ba mai, kuma abin da zai kai gida ya dogara da ambulan ɗin wanda ya kira taron manema labarai. Mai ba da tallafi yana son abin da zai ƙirga a rahoton ƙarshen shekara, mutum nawa aka horar. Albashin shekara biyar na wakili ɗaya a Bukkuyum ba ya ƙirguwa da kyau a irin wannan takarda, alhali shi ne abin da ake buƙata.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit bayan sama da shekara 45. A daidai lokacin aka wargaza hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, shirye-shirye da yawa na tallafa wa kafofi suka tsaya cak. Masu sauraro a Zamfara ba a tambaye su ba, ba kuma za a tambaye su ba, domin kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ba dalilin guje wa haɗin gwiwa ba ne. Dalili ne na sauya abin da ake nema a cikinsa.

Aikin dalma da kansa ya bar samfuri. Masanan da suka zo daga Amurka ba su kankare gidajen da hannunsu su tafi ba. Sun koya wa ma'aikatan muhalli na jiha da na ƙananan hukumomi yadda ake auna ƙasa da na'ura, har ya zama a Bagega 'yan gida ne ke jan ragamar aikin. Irin wannan ake so a harkar labarai: na'urar watsawa da sola da za su zama mallakar gari, mai gyara ɗan gari da aka koya wa aiki, matasa maza da mata da za a biya su albashi ko yaya ƙanƙantarsa, da alaƙa da manyan kafofi ta yadda rahoton Gummi zai hau sama, na sama kuma ya sauko. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agusta na 2024, da kwalekwalen manoma da ya kife a can a watan Satumba, duk abubuwa ne da gargaɗin safiya a harshen mutane yake rage wa kaifi.

Wahalar tana wajen wa zai riƙe tashar. In ta shugaban ƙaramar hukuma ce, ta zama kakakin jam'iyya. In ta attajiri ce, ranar da ya shiga takara ta bi shi. Kuma mai gabatar da shiri a Anka yana kwana ne a garin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke sauraronsa, don haka akwai labarin da dole a bar wa na nesa su faɗa, a nan ma abokan waje suna da rawar takawa. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna da mutuncin da za su tara mutane, Sarkin Gummi ma, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, tsohon babban alƙalin Abuja ne da ya san hanyar takarda. Amma kwamitin sai ya haɗa da manoma da makiyaya, da mahaƙa, da malamai, da matan da suka yi aikin shiga gida-gida a zamanin dalma, kuma Fulatanci ya samu lokacinsa a jadawali kamar Hausa. Dokar NBC ta tanadi lasisin al'umma, kuma ƙungiyar gari mai rajista ce ke nema, ba gwamna ba, ba kuma wata ƙungiya daga Janeba ba. Kuɗin rajista, da lauyan da zai bi fayil ɗin a Abuja, da injiniyan da zai auna zango, su ne kashin farko da ya kamata a ɗora a gaban duk mai tallafin da ya sake zuwa Gusau da tayin bita.